Abin da makiyaya suka tattauna kan ciwon bakin dabbobi

Da aka zauna da makiyaya da wani likitan dabbobi, an fi daɗewa kan boru, wato ciwon baki da kofato. Alamarsa yawu mai dalala, ƙuraje a harshe da dasashi, da ɗingishi. Shawarar da kowa ya yarda da ita: a ware saniyar da ta kamu nan take, kada ta sha ruwa a mashaya ɗaya da sauran garke. A riƙa wanke mata baki da ruwan gishiri ko na kanwa, a ba ta dusa jiƙaƙƙiya da ɗanyar ciyawa mai laushi. Likitan ya jaddada cewa ƙwayar bairos ce, allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta kashe ta, sai dai ta hana gyambon ruɓewa. Rigakafi ne mafita, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa shi.

Ƙurajen leɓen awaki da tumaki kuwa suna kama mutum, don haka a rufe hannu kafin a taɓa.

Ni abin da ya fi damuna tsofaffin shanu ne. Sau da yawa saniya tana ramewa da rani a yi ta ɗura mata maganin tsutsa, alhali haƙoranta na ƙasa ne suka cinye. A buɗe bakinta a duba tukuna.