Gwadon saƙi yana tattarewa bayan rini, ina mafita?

Assalamu alaikum, iyayenmu masaƙa da marina. Ni ɗan koyo ne a nan Maradi, ina saƙar gwado. Zaren tsayena na kanti ne, na kwance kuwa abawa ce ta kaɗin hannu. A kan masaƙa ƙwarya, wato siririn ƙyallen da ake haɗawa ya zama gwado, takan fito sumul, amma da an haɗa an kai marina an tsoma a baba, sai wata ƙwaryar ta fi wata gajarta, ɗinkin ya tattare. Bugu ma bai miƙe shi ba. Na san auduga na jan jiki in ta sha ruwa, to in jiƙa zaren kafin saƙa, ko in rina ƙore kafin haɗi? Ko bugun masefina, wato abin da nake matse zaren kwance da shi, ne bai daidaita ba? Kayan mutane ne, don Allah a taimaka mini.