Neman shawara: hoton ƙafafun jirgi ya ƙi fita

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kurna nake, kuma tun ina yaro jiragen da ke sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ta kanmu suke bi. Ni ba fenti ko sunan kamfani ke burge ni ba, ƙafafun ne, yadda suke saukowa daga cikin jirgi tayoyi na reto. Na yi tari na sayi kyamara ta hannu mai zum (gilashin jawo abu na nesa) 70-300, amma duk hoton da na ɗauka cikin jirgin baƙi ƙirin yake fita, tayoyin ma ba ka iya ƙirga su. Jigilar alhazai ta kusa, ina son in samu hoton babban jirgin nan Boeing 747 ko guda ɗaya. Me nake yi ba daidai ba? Kuma a ina ya dace in tsaya?

Mai hoton biki, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kyamararka lafiyarta ƙalau, sama ce ke yaudararta. Tana ganin farin sararin samaniya sai ta rage haske, cikin jirgi kuwa dama a inuwa yake. Ƙara mata haske da +1, ka sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, rana kuma ta zama a bayanka. Da hantsi ko bayan la'asar rana na ƙasa-ƙasa, haskenta na shiga har ƙarƙashin fiffike. Da azahar kada ma ka wahalar da kanka, hucin zafi kaɗai zai narkar maka da hoton. Ranar hazo kuwa ka zauna a gida.

Yayarku ta Gwammaja: Ku dai kuna ta lissafin haske. Ɗan uwa, filin nan haɗe yake da sansanin sojan sama. Kada ka kuskura ka je jikin katanga da doguwar kyamara, kada ka auna ɓangaren soja. Tunda jiragen har gida suke same ka, ka hau soron gidanku mana. In cikin filin kake so, ka rubuta wa FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, ka nemi izini, takarda a hannu.

Tsohon makanike, Fagge: Yaro, ka faranta mini rai, don yawancin masu hoto hancin jirgi suke bi. In ka samu 747 ɗinka, ka ƙirga: taya 18 ne, biyu a gaba, 16 a kan ƙafafu huɗu, ƙafafu biyu a fukafukai, biyu a gangar jiki. Boeing 737 kuwa taya shida ne kacal, kuma manyan tayoyinsa ba su da murfi, bayan ya tashi za ka gan su a fili manne da cikinsa. Wannan farin ƙarfe mai sheƙi da ke tsakiyar ƙafa shi ne shokozobarsa, mai ne da iskar naitirojin a ciki. A sama yana miƙe tsawonsa duka, da ya dira sai ya shige. In hotonka ya nuna sheƙin nan, to ya fita. Hayaƙin da kake gani wajen dira kuma ba birki ba ne, taya ce a tsaye ta haɗu da kwalta a guje.

Malamin tarihi, Gwale: Baba, a gafarce ni in ɗan ratse. Tun 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano, tun ba a yi filin ba. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1940, an riƙa kawo jiragen yaƙin Ingila ƙirar Hurricane cikin akwatuna a sauke a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, Khartum har Masar, galibi jirgin Blenheim na gaba yana musu jagora. Ƙafafun Hurricane a ware suke, ciki suke naɗewa, shi ya sa ya jure filayen turɓaya. Shi kuwa jirgin yaƙin Jamus Bf 109 a gangar jikinsa aka dasa masa ƙafafu, don a iya cire fukafukai a bar shi tsaye, amma sun matsu da juna, ya yi ta kifewa da sababbin matuƙa.

Tsohon makanike: Haka ne Malam, sai dai jirgin Spitfire na Ingila ma ƙafafunsa a tsuke suke, kada a ɗora wa Jamusawa su kaɗai. Ƙura ma ta ba jiragen wuya, har matatar iska aka liƙa wa Hurricane a ƙarƙashin hanci.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na hau soro na gwada +1 a kan wani 737, har zanen taya ya fito. Yaya, katanga na yafe ta. Sai dai wayar lantarkin layinmu ta ratsa hoton ta tsakiya.

Mai hoton biki: Sa manhajar bin diddigin jirage ta Flightradar24 a wayarka, ka ga jirgi tun yana nesa, ka matsa kusurwar da babu waya kafin ya iso.