Mece ce Hausar "civic sense"?

Malamai da 'yan uwa masu fassara labarai, ku matso. Kalmar "civic sense" ta cika shafukan Indiyawa, kullum suna zargin junansu da rashinta, kuma duk wanda zai kai labarin gidan rediyo sai ya samo mata Hausa.

Ga irin abin da suke kuka a kai. A Kolkata, tofin gutka, wani haɗin taba da suke taunawa yana rina baki kamar goro, ya ci gindin ƙarafan gadar Howrah har sai da hukuma ta lulluɓe su. A 2017 sabon jirgin ƙasan Tejas ya yi tafiyarsa ta farko daga Mumbai zuwa Goa, ya dawo fasinjoji sun kwashe na'urorin saurare, sun kakkarce allunan kallo. A birane da dama masu gida kan manna hotunan allolinsu a katanga don kada a tsaya a yi fitsari.

An fara ba ni "tsafta". Ta yi kaɗan. Mutumin da ke watsa shara ta taga sau da yawa gidansa tas yake, ba a shiga da takalmi. Tsaftarsa a bakin ƙofa take tsayawa, abin da ke waje kuma aikin wani ne, kuma a Indiya an san ko wane ne wannan "wani": tsarin fifikon asali ya daɗe da ɗora shara da kwashe bahaya a kan 'yan Dalit, waɗanda tsarin ya ajiye a can ƙasa. Ga shi kuma tsallake layi da danna ham a gaban asibiti duk suna cikin kalmar, kuma babu ruwansu da tsintsiya.

"Kishin ƙasa" ta yi girma. Akwai mai ɗaga tuta ranar 15 ga Agusta, ranar 'yancin kan Indiya, ya gama ya jefar da ita a kwata.

"Wayewa" kuwa ba na so, tana ɗauke da raini ga mutumin karkara, alhali ƙauyen Mawlynnong na jihar Meghalaya ya yi suna da tsafta fiye da manyan birane.

Wani malami ya kawo "haƙƙin hanya", daga hadisin nan da ya ce a ba hanya haƙƙinta. Ta burge ni, don ta kama zuciyar maganar: wurin da ba mallakinka ba yana da haƙƙi a kanka. Tsarin mulkin Indiya ma haka ya ɗauki abin, tun gyaran 1976 sashe na 51A ya sa kare dukiyar jama'a cikin wajiban ɗan ƙasa. Matsalarta ɗaya, kujerar jirgi da ban-ɗakin tasha ba hanya ba ne.

Ni na tsaya a kan "ɗa'ar gari". Ɗa'a koyonta ake yi, ba a haifar mutum da ita, labarin Indiya ma ya nuna haka. Shirin tsaftace Indiya, Swachh Bharat, da Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar ranar 2 ga Oktoba 2014 ya gina ban-ɗaki sama da miliyan 100 a ƙidayar gwamnati, amma gini bai sauya hali nan take ba. Birnin Indore da ya riƙa zuwa na ɗaya a gasar tsafta tun 2017 ya yi ne da motocin da ke bi gida-gida kullum, da tilasta ware shara tun daga gida, da tara ga mai zubarwa a titi, har abin ya zama jiki.

Kuma tana shiga jimla ba tare da ƙoƙari ba: "Wane ba shi da ɗa'ar gari." "Za a koyar da ɗa'ar gari a firamare." Na san masu barkwanci za su tambaya ko garin masara ne ko na dawa, na yafe musu.

Mai wata kalmar ya kawo, amma ya fara gwada ta a jimlolin nan biyu.