Motata na karkacewa idan na wuce gudun 90, iska ce ko ƙafa?

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da kanikawa. Ina da Sienna da nake jigilar kaya da ita daga kasuwar Mile 12 ta Legas zuwa Ibadan. Kwanaki na sa aka ɗaura mata ƙarfen ɗora kaya a sama, tun daga nan ta canza hali. A cikin gari lafiya lau, amma da na hau babbar hanya na wuce kilomita 90, sai sitiyari ya yi sakwaf a hannuna, ga wani fito daga rufi. A kan gadar Third Mainland kuwa, idan iskar ruwa ta buso ta gefe, ji nake kamar ana tura motar. Mai ma ta ƙara sha.

Na je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Legas, an yi balansin tayoyi, an duba alaimen, wato daidaiton ƙafafun motar, an gwada iskar taya, abin bai daina ba. Wani bakanike ya ce ƙarfen ne, wai idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi, kuma buhunan da ke sama suna mayar da nauyin motar sama. Wannan na yarda. Amma ai ko babu kaya tana yi.

Ga kuma robar da ke rufe ƙarƙashin injin, ruwan damina ya ɓalle ta, ban mayar ba. Shin iskar da ke shiga ta nan za ta iya rage wa tayoyin gaba kama ƙasa? Ko in sa a duba shoka tukuna? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.