Wane suna za mu ba ruwan da ke fito da hoto a fim?

1/ Jama'a masu kishin harshe, ina so mu tsayar da kalma ɗaya ta Hausa a madadin "developer", wato ruwan farko da ake tsoma fim ɗin kyamarar ɗaukar hoto a cikinsa a ɗakin duhu. Wasu masu fassara kan rubuta "mai haɓakawa". Duk wanda ya ji haɓakawa, tattalin arziki zai zo masa a rai, ba hoto ba.

2/ "Ruwan wankin hoto" shi baki ya saba da shi, amma wanki ya ƙunshi ruwa uku: mai fito da hoton, mai tsayar da aikinsa, da mai narkar da ragowar gishirin azurfa (sinadarin da ke kama haske a jikin fim) don kada haske ya ɓata fim daga baya. Ɗalibin da aka ce masa "ruwan wanki" ba zai san wace kwalba zai ɗauka ba.

3/ Mu dubi aikin ruwan kansa. Fim na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa, sai 'yan atam kaɗan na azurfa su taru a jikin ƙwayar, ido ba ya ganinsu. Hoton yana nan, a ɓoye yake.

4/ Akwai irin wannan ruwa da ake haɗawa da gishirin ƙarfe. A cikinsa, kowane atam na ƙarfe mai cajin lantarki 2 yana sakin ilektiron (ƙwayar lantarki) ɗaya ya koma mai caji 3, ƙwayar da haske ya taɓa ta karɓa ta zama baƙar azurfa. Carey Lea na Amurka ya bayyana wannan haɗi, mai suna feros okzalet, a 1877. Ana zuba ruwan feros salfet, wato gishirin ƙarfen, a kan na wani gishiri mai suna fotasiyam okzalet a hankali, sai ya yi ja kamar garwashi. In aka juya aka zuba okzalet a kan ƙarfen, wani gari rawaya ne zai kwanta a gindin kwalba, aiki ya lalace. Iska ma abokiyar gabarsa ce, tana cinye ƙarfinsa tun kafin fim ya shiga.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan haɗi, ba ya barin tabon rawaya a fim. Baƙi ya yi ƙirin, wurin da haske bai taɓa ba ya fito tas, musamman in an ɗiga sinadarin fotasiyam buromaid kaɗan.

5/ To, shawarata: ruwan fiddawa. Ai da ma cewa muke "hoton ya fito". Na ƙarfen kuwa, "ruwan fiddawa na ƙarfe".

6/ Na san wani malami zai ce fiddawa na iya nufin cirewa, ya kawo "mabayyani". Kalma ce mai kyau a takarda, sai dai tana kama da sunan mutum mai yin bayani, kuma mai hoto da hannunsa ke cikin tasa ba zai ce "miƙo mini mabayyani" ba. A littafin makaranta dai a rubuta "na gishirin ƙarfe" cikakke, kada yaro ya ɗauka ƙusa ake jiƙawa a ruwa.