Taswirar masu karɓar Bitcoin a kasuwanninmu, da na'urar ajiya da aka kawo wa kawuna

Mai_Caji_Gujungu:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana a taimaka min da abu biyu. Ni ina da ɗan shagon cajin waya da POS a Gujungu, to tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum na da kuɗi a banki amma kwanon gero ya gagare shi, wasu matasanmu suka fara mu'amala da kiripto, sai kuma guguwar mainin ta 2024 ta zo, su Notcoin da Hamster, kowa ya buɗe walat har wanda bai san amfaninta ba. Yawanci sun watsar amma akwai waɗanda suka tsaya suka koya da gaske. Yanzu mun haɗu mu kaɗan muna so mu yi taswirar duk mai shago ko mai sana'a da zai karɓi Bitcoin ko USDT (kiripton da darajarsa ke bin dala), daga nan zuwa Ringim, Gumel har Maigatari, yadda baƙo in ya zo cin kasuwa zai san inda ya nufa ba sai ya yi ta tambaya ba. Wani ya ce ba sai mun ƙirƙiri komai ba akwai BTC Map, amma ba mu san ya ake shiga ba kuma wa ke da iko da ita.

Na biyun shi ya fi damuna. Kawuna yana harkar riɗi, kuma yana da ɗan abin da ya ajiye a walat ɗin waya, wayar da yara ke ɗauka suna kallo da daddare. Sai aka kawo masa na'urar ajiyar kiripto daga birni, ta hannu ce, a rabin kuɗi, a cikin kwalin akwai kati an riga an rubuta kalmomi 24, wai an sauƙaƙa masa ne ba sai ya sha wahalar saiti ba. Bai zuba komai ba tukuna yana jiran in tambayo masa. Ya kuke gani?

Injiniya_Haɗeja:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka kira kawu yanzun nan kafin ka ƙarasa karanta wannan, ka ce kada ya tura ko sisi cikin na'urar nan. Kalmomin nan 24 su ne kuɗin, na'urar aikinta kawai ta ɓoye su ta kuma sa hannu in za a fitar da kuɗi ba tare da sun taɓa shiga intanet ba. Duk wanda ya san kalmomin zai kwashe komai daga inda yake zaune ko da na'urar na cikin aljihun kawu. Kamar ka sayi kwaɗo ne a hannun wanda ya riƙe ɗan makulli ɗaya kuma ya san ƙofar rumbunka. Ta gaskiya ba ta zuwa da kalmomi a rubuce, katin fanko yake zuwa, ita ce za ta fitar da su a fuskarta a gabanka kai kaɗai ka kwafa da biro.

Kuma ko goge ta aka yi ni ban yarda da ita ba, don wanda ya yi wannan dabarar zai iya taɓa cikinta. A 2020 an sace bayanan masu sayayya na kamfanin Ledger na Faransa, sunaye da adireshin gida da lambar waya na mutum wajen 270,000, a 2021 sai ga mutane ana aiko musu da jabun na'urori har gida cikin kwali mai kyau da wasiƙa wai canji ne daga kamfani. To in an yi wa waɗanda suka saya daga tushe haka ina ga ta hannu. Ya mayar a ba shi kuɗinsa. Ƙananan sababbi na Trezor ko Ledger ba su kai dala 100 ba, a saya daga kamfanin ko dilan da kamfanin ya lissafa a shafinsa, kuma kada a ba da adireshin gida wajen kawowa.

Taswira kuma abokinka ya yi gaskiya. BTC Map tana ɗebo bayananta ne daga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004 wadda 'yan sa kai ke zanawa kyauta, kowa zai iya buɗe akawun ya saka wuri. Za ka saka shagon, ka nuna yana karɓar Bitcoin, ta Lightning ne (hanyar biyan Bitcoin mai sauri) ko ta babban layin Bitcoin, ka sa ranar da ka je ka gani da idonka. In an shekara ba wanda ya koma ya tabbatar sai a nuna bayanin ya tsufa. Amma ka sani Bitcoin kaɗai take nunawa, mai karɓar USDT zalla ba ya shiga, kuma mutanenmu USDT suka fi riƙewa saboda tana bin dala.

Dillalin_Shanu_Maigatari:

Yaro Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin a yi. Ni ba ɗan boko ba ne, ɗana ke rubuta min ina faɗa. Duk Alhamis ina kara, ana cinikin miliyoyi, mutanen Nijar na zuwa da sefa 'yan canji na zaune, wasu taransifa suke yi, ban taɓa ganin wanda ya fasa sayen sa don an ce ba a karɓar Bitcoin ba. Ban ce ku bari ba, zamaninku ne. Abin da nake tsoro shi ne ku ɗauki shagon bawan Allah ku manna a inda duk duniya ke gani, kun rubuta cewa a nan akwai mai kuɗin intanet. Kun san halin da ake ciki a hanyoyi. Wanda ya tare ka ya ɗora maka bindiga ba ruwansa da na'urarka mai tsada, cewa zai yi buɗe, kuma kuɗin nan an ce in ya fita ba bankin da za ka je ka yi kuka. In wani abu ya samu mai shagon alhakin a wuyan wa?

Sannan mutane sun ƙone. CBEX da ta rufe a watan Afrilun 2025 har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba, kafin ita an yi MMM a 2016. Mutumin ƙauye ba ya bambance wannan da wancan, duk kiripto yake ce musu. Ranar da wani ɗan damfara ya sa kansa a taswirarku ya cuci mutane, sunanku za a kira a gaban mai gari.

Maman_Ummi_BK:

Maganar Baba Alhaji abin dubawa ce wallahi. Ni daga Birnin Kudu nake, ina ɗinki ina sayar da man gyaɗa a cikin gida kuma akwai 'yan uwana a waje da ke turo min USDT in canza. Roƙona kada ku saka gidan kowa, mata da yawa sana'armu a cikin gida take, in kun sa wurin sana'ata kun sa ɗakin da nake kwana da 'ya'yana ne. Rumfar kasuwa daban, gida daban.

Sai maganar da maza ba sa son a taso da ita, mutuwa. Mai Caji, kawunka in ya ɓoye kalmomin nan ba wanda ya san da su, ranar da ta Allah ta kasance dukiyar marayu ce ta salwanta, kuma ba kotun da za ta iya fito da ita, alƙali zai raba gona da shanu amma wannan ba zai ma san da ita ba. Haƙƙin magada ne fa. Kuma takarda a ɗakin ƙasa ba ta da tabbas, gara na ci, ɗaki na yoyo, mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa mutanen Ringim da Auyo da Kafin Hausa, mutum ya tsira da ransa da kayan jikinsa kawai. Injiniya ka yi mana bayanin wannan dan Allah.

Mai_Caji_Gujungu:

Na gode ƙwarai, na kira kawu ya ce gobe za a mayar da ita. Baba Alhaji na ji kuma zan kai wa abokai maganar yadda ka faɗe ta. Amma Yaya Injiniya ga wata matsalar, kawu allo ya yi bai yi boko sosai ba, in aka sayo sabuwar ni zan zauna in saita masa, to kenan ni ma na ga kalmomin? Ni ba na so in sani gaskiya, kada gobe wani abu ya faru zumunci ya lalace.

Injiniya_Haɗeja:

Tunaninka daidai ne, kuma da mafita. Ka koya masa da gwaji tukuna, ku saita tare ya ga yadda kalmomi ke fitowa, ku goge, ku sake, har hannunsa ya faɗa. Ranar ta gaske sai ka fita tsakar gida ya kwafa shi kaɗai harafi bayan harafi, ba sai ya san ma'anarsu ba, amma jerin kada ya sauya, ta ɗaya ta ɗaya ce. Daga jerin kalmomi 2048 ake zaɓo su kuma haruffa huɗun farko sun isa a gane kowace. Ba hoto, ba WhatsApp, ba a buga su a waya ko kwamfuta ko da wani ya kira ya ce daga kamfani yake. Bayan nan a tura ɗan kaɗan, a goge na'urar, ya mayar da kalmomin da hannunsa, in kuɗin ya dawo to rubutun ya yi, sannan a tura sauran. Duk sanda za a tura ya duba adireshin walat ɗin da kuɗin za su shiga a fuskar na'urar, don waya mai ƙwayar cuta tana iya canza shi. Ku kuma duba kafin ku saya, na'urorin Coldcard da SeedSigner Bitcoin kaɗai suke riƙewa, in USDT ɗin kawu a kan layin Tron take (ɗaya daga layukan da ake tura USDT a kai) sai wadda ke ɗaukar Tron.

Hajiya, maganin gara da ruwa shi ne ƙarfe. A samu farantin ƙarfe mai kauri wanda ba ya tsatsa da ƙusoshin buga haruffa, mutum ya buga da kansa, kada a kai wa mai walda ko maƙeri ya rubuta. A yi biyu a ajiye a wurare biyu da ruwa ɗaya ba zai ci tare ba. Na gado kuma ya rubuta wasiyya cewa akwai dukiya kaza, ga wanda ya san inda ƙarfen yake, ga wanda zai taimaka wa iyali su buɗe, amma kalmomin kansu kada su shiga takardar. Akwai tsarin makulli uku da sai biyu sun haɗu kuɗi ke fita, ya fi dacewa da gado, sai dai ba na mai fara koyo ba ne.

Ta fuskar doka ba ɓoye-ɓoye ake ba yanzu, CBN ta hana bankuna hulɗa da kiripto a Fabrairun 2021 ta janye a Disambar 2023, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta sa harkar ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari. Tsoron Baba Alhaji shi ne na gaske, don abin da aka saka a OpenStreetMap ko an cire yana nan a tarihin taswirar. Saboda haka sai mai shago ya yarda da bakinsa bayan an faɗa masa kowa zai gani, ba sunan mutum, ba lambar wayarsa, ba gida, kuma sai ɗayanku ya sayi wani abu a wurin ya biya da Bitcoin ya ga ya shiga. Wayar shago ta riƙe cinikin yini kawai, ajiya na wani wuri. Ku fara da Gujungu kaɗai tunda duk Lahadi kuna ciki za ku iya zagayawa ku duba, Gumel da Maigatari ku bari sai an samu ɗan garin da zai ɗauki nauyin nasu.