Na'urar sanyaya furosesa mai ruwa ta daina riƙe zafi: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai haɗa bidiyo, Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Damuwa ce ta kawo ni. Sana'ata haɗa bidiyon biki da na walima, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ita ce jarina gaba ɗaya. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel i7-12700K ce, tana da na'urar sanyaya mai ruwa, irin mai lagireto na milimita 240 da fanka biyu. Na'urar ta hannu ce, daga Legas aka kawo min ita, shekararta biyu a wurina.

Da can idan ina fitar da bidiyo zafin yana tsayawa tsakanin digiri 70 da 75. Tun da bazarar nan ta kama, kafin minti goma ya kai 100, aikin ya koma tafiyar hawainiya, jiya ma sau biyu tana mutuwa. Fankokin suna ta ihu, amma babu sauƙi. Kuma idan na kunna ta da safe ina jin wani ƙul-ƙul kamar ana juye ruwa daga buta. Akwai bidiyon wata amarya da na yi alkawarin bayarwa ranar Juma'a. Don Allah duk wanda ya taɓa fuskantar wannan ya faɗa min yadda ya yi, kafin na je na kashe kuɗin da ba ni da shi.

Mai gyara, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kada ka sayi komai tukuna. Irin waɗannan sun sha zuwa kan teburina, kuma abin da na fara tambaya kullum shi ne: da wane sauri zafin yake hawa? Amsar wannan ita ce rabin gyaran.

Idan famfon da ke tura ruwan ya mutu, ba sai ka ba ta aiki ba. Kana kunna ta, ko a cikin BIOS kake zaune, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga tun kafin Windows ta buɗe, za ka ga lambar tana hawa ba tsayawa, cikin 'yan mintuna ta wuce 90. Dalili kuwa ruwan da ke kan furosesa yana nan tsaye, babu mai tura shi zuwa lagireto. Idan kuwa man da ke tsakanin furosesa da farantin jan ƙarfe ne ya bushe, ko na'urar ba ta zauna daidai ba, a zaune lafiya lau take, amma kana ba ta aiki mai nauyi zafin zai yi tsalle nan take, kana tsayar da aikin ya faɗo nan take. Wanda yake hawa a hankali, minti goma, minti goma sha biyar, wannan ruwan ne da kansa yake ɗumama saboda lagireto ya kasa fitar da zafi, ko kuma ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata. Naka ya fi kama da na ƙarshen nan.

Yi min abu uku. Shiga BIOS ka zauna minti biyar ka ga inda zafin ya tsaya. Duba gudun famfo a wurin, yawancinsu suna juyawa tsakanin 2,000 da 3,000 a minti, idan ka ga sifili akwai magana. Sannan ka buɗe gefen akwatin tana aiki, ka ɗora yatsa a kan famfon, ya kamata ka ji ɗan kaɗawa. Ka taɓa tiyo biyun da jikin lagireton. Idan wurin famfo ya yi zafi jau amma lagireto yana sanyi ƙalau, ruwa ba ya tafiya.

Ɗalibar zanen gine-gine, Samaru:

Yaya, kafin komai ka kwance fankokin daga jikin lagireton ka duba bayansu. Ni abin da ya same ni ke nan bara, ina tsakiyar aikin ƙarshen zango a ABU. Daga waje lagireton tsaf yake, har ina goge shi da tsumma duk mako. Da na cire kusoshi takwas ɗin na ɗaga fankokin, sai ga ƙura ta yi kirtif kamar bargo, ja-ja irin ta hunturu, ta toshe ramukan gaba ɗaya. Da yatsa biyu na kama gefenta na ɗago ta, ta taho a haɗe kamar fata. Ashe duk ihun da fankokin ke yi, iska ba ta ratsawa.

Na fita da shi tsakar gida, na bi shi da burushin fenti mai laushi, sannan na hura da bulowa daga ɗaya ɓangaren. A kula da siraran ƙarafan nan, da an danna suke lanƙwashewa. Kuma idan za a hura fanka a riƙe fukafukanta da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Daga 92 na dawo 74 a kan aiki iri ɗaya. Tun daga lokacin, da hunturu ya shiga a Nuwamba nake kwancewa duk wata har zuwa Maris. Ƙurar Zariya ba ta jiran shekara ta zagayo.

Mai shagon buga takardu, Kongo:

Nawa ba ƙura ba ce, kuma ya wahalar da ni sati biyu. Ƙaramin batirin nan mai kama da sulalla, CR2032, da ke kan bod, wato babban allon cikin kwamfutar, shi ya mutu. To mu nan ana yawan ɗauke wuta, kuma ni da dare nakan zare filogi gaba ɗaya. Duk lokacin da na zare, BIOS sai ta manta abin da aka saita mata. Famfona a ramin fanka aka jona shi, sai bod ɗin ya ɗauke shi a matsayin fanka, yana rage masa gudu don kada a yi ƙara. Abin da ya tona asirin, na lura agogon kwamfutar kullum yana komawa baya. Na canza batir, na mayar da wayar famfon ramin da aka rubuta AIO_PUMP, na sa shi ya riƙa gudu ɗari bisa ɗari. Shi ke nan. Malam, duba agogonka. Kuma wasu na'urorin suna da wata waya daban mai shan wuta daga filogin SATA na akwatin wutar kwamfutar, ka tabbata ba ta yi sako-sako ba.

Ɗan makarantar koyon sana'a, Gyallesu:

Ni tawa sabuwa ce dal, ranar farko ta kai 95. Da muka cire sai ga ledar da ke manne a kan farantin jan ƙarfen, yaron da ya haɗa min bai ɓare ta ba. Na san taka ta daɗe tana aiki, amma na faɗa ne saboda wani.

Mai haɗa bidiyo, Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, na gwada duka. A BIOS zafin ya tsaya a 46. Famfo yana nuna kusan 2,700, amma lambar tana yawo, wani lokaci ta yi sama ta dawo, kuma daidai lokacin nake jin ƙul-ƙul ɗin. Agogo daidai yake. Ƙanwata ta Samaru, kin yi gaskiya, na tarar da ƙura ba kaɗan ba, na share, yanzu sai ya yi minti ashirin kafin ya kai 97. An samu sauƙi amma ba a warke ba. Yaya na Sabon Gari, tiyo ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, lagireton kuma ɗumi-ɗumi ne kawai. A gaban akwatin yake, can ƙasa, bakin tiyon suna sama. Da na auna da ido, famfon ya ɗan fi saman lagireton tsayi.

Mai gyara, Sabon Gari:

To ga inda gizo ke saƙa. Iska ce a cikin famfonka.

Mutane suna ɗauka tunda an rufe na'urar ruf daga kamfani, ruwan ba ya raguwa. Yana raguwa. A hankali yake sulalewa ta jikin robar tiyon a matsayin tururi, ba za ka ga ɗigo ko ɗaya ba, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Tun asali ma akwai 'yar iska a ciki, kuma gurbin duk ruwan da ya tafi iska ce ke cike shi. Iska kuwa kullum wuri mafi tsayi take nema. A yadda aka ɗaura naka, wuri mafi tsayi shi ne famfo. Ka ga yana kaɗa kumfa maimakon ruwa, shi ya sa gudunsa ke yawo, shi ya sa tiyo ɗaya ya fi zafi. Idan ruwa yana gudu sosai, bambancin tiyo biyun kaɗan ne, da kyar hannu yake ganewa. Abin da ya fi damuna, ruwan nan shi ne man da ke sa famfon juyawa lafiya, idan ya daɗe yana gudu a bushe zai ci kansa.

Ka mayar da lagireton saman akwatin, a kwance, idan akwai wuri. Idan babu, ka ɗaga shi sama a gaban, ka juya shi bakin tiyon su koma ƙasa, yadda iskar za ta taru a ɗaya ƙarshen. Bayan ka ɗaura, kunna ta ka riƙa karkata akwatin a hankali gaba da baya, za ka ji kumfar tana wucewa. Tunda ka riga ka taɓa, cire famfon ka goge tsohon man da auduga da sifirit, ka sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshin huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, kada ka ƙarasa ɗaya kafin sauran.

Saboda Juma'a kuma: furosesar nan tana iya jan wat 190 idan aka sake ta. Shiga BIOS ka taƙaita ta a 125. Bidiyon zai ɗan ƙara lokaci, amma zai fita ba tare da ta mutu a tsakiya ba.

Injiniyan sola, Wusasa:

Tunda an zo maganar raguwar ruwa, na san wani zai ce a buɗe a ƙara. Ni na yi, bari na faɗi abin da na gani. Tawa ta shekara biyar. Na kwance farantin jan ƙarfen, sai na tarar da siraran layukan da ruwa ke bi a bayansa, waɗanda suka fi gashin kai kauri kaɗan, rabinsu sun toshe da wata dauɗa kore-kore mai kama da majina. Farantin jan ƙarfe ne, lagireton alminiyam, kuma ƙarafan nan biyu ba sa jituwa a cikin ruwa ɗaya. Maganin da ake zubawa a ruwan shi ke hana su cin juna, idan ya tsufa sai su fara. Na wanke da burushin haƙori, na cika, na rufe. Wata huɗu tana aiki kamar sabuwa. Ranar da robar bakin ta saki, a kan katin hoto ruwan ya ɗiga. Katin ya fi na'urar tsada ninki biyar. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Wanda kwamfutarsa ce abincinsa, ban ba shi shawarar ya bi wannan hanyar ba.

Mai shagon buga takardu, Kongo:

Injiniya, Allah ya mayar da alheri. Amma akwai masu ƙaramin murfin ƙara ruwa a jikin lagireto, waɗannan ba sai an taɓa faranti ba. Wani abokina ya ƙara wa tasa kuma tana nan. Sai dai ba ruwan famfo ko na leda ba, tataccen ruwa kawai. Masu zuwa sayen ruwan batir su yi hattara, akwai mai asid a ciki.

Ma'aikacin asibiti mai wasan kwamfuta, Hanwa:

Ni tawa asarar daban ce. Furosesa Ryzen 7 7700X gare ni, na ga tana kai 95 idan na matsa mata, na canza na'urar sanyaya har sau biyu, lambar ba ta motsa ba. Daga baya na fahimci jerin Ryzen 7000 haka aka ƙera su, suna ƙara gudu har sai sun taɓa 95 sannan su tsaya a nan. Kowa ya san iyakar furosesarsa kafin ya zargi na'ura. Ta mai tambaya Intel ce, iyakarta 100, kuma da ba ta kaiwa, don haka tasa matsala ce ta gaske.

Sannan a tuna da ɗaki. Lagireto da iskar ɗakin yake sanyaya ruwa. A watan Afrilu da rana waje yana kusan 40, ɗaki mai rufin kwano ba sili ya fi haka. Lambobin da muke gani a bidiyon Turawa a ɗaki mai digiri 21 ko 22 aka auna su. Ni yanzu aiki mai nauyi sai bayan isha'i ko bayan asuba.

Mai gyara, Sabon Gari:

Haka ne. Shi ya sa duk wanda ya zo min da ta ruwa ta hannu, nake ce masa ya yi tunanin ta iska mai tsayi, mai bututun jan ƙarfe shida da fanka ɗaya ko biyu. Babu famfo, babu ruwan da zai ƙare, abin da zai lalace fanka ce kawai, ita kuma ko'ina akwai ta. Ban ce ta ruwa ba ta da kyau ba, sabuwa mai garanti tana aiki sosai. Amma ta hannu ba ka san shekarun da ta yi kafin ta zo maka ba.

Mai haɗa bidiyo, Tudun Wada:

Alhamdulillah, na dawo da labari. Na mayar da lagireton sama, da kyar ya shiga saboda sandunan RAM da ke tsaye a kan bod, sai da na matsar da shi gefe. Da na karkata akwatin na ji kumfar ta wuce har sau uku, daga nan famfon ya yi shiru, gudunsa ya tsaya wuri ɗaya. Tsohon man ya bushe kamar alli, na sa sabo. Na taƙaita wutar a 125, na fara fitar da bidiyon bayan isha'i da taga a buɗe, zafin bai wuce 81 ba. Daren Alhamis ƙanin ango ya zo ya karɓa.

Yau da safe na sake jin ƙul-ƙul ɗin na ɗan lokaci kafin ya ɗauke, don haka na san ruwan ya yi ƙasa da gaske. Ba zan buɗe ta ba, Injiniya, na ji maganarka. Kuɗin aikin nan zan haɗa na sayi ta iska. Yaya na Sabon Gari, me zan duba kafin na biya?

Mai gyara, Sabon Gari:

Ka tabbata akwai ƙarafan ɗaurawa na LGA1700, wato irin mazaunin furosesarka, a cikin kwalin, na LGA1200 ba za su zauna daidai ba, tazarar ramukan ma ba ɗaya ba ce. Kuma ka auna faɗin akwatinka da rula kafin ka fito, yawancin masu tsayin nan suna kai santimita 15 zuwa 16. Idan ka samo, kawo ta ranar Asabar bayan azahar mu ɗaura tare.